Wata biyu kawai nake roƙo, ba riƙon har abada ba

Sanyi ya fara shigowa Zariya, kuma ni duk shekara in ya shigo haka hankalina ba ya kwanciya, don lokacin ne 'yan magen da ake zubarwa ba sa kai safiya. Da bazara ɗan mage zai iya kwana cikin kwali yana kuka har Allah ya kawo mai ji, amma a Disamba da Janairu kafin kiran assalatu an gama. Shi ya sa na ce bari dai na zauna na rubuta abun nan da na daɗe ina son rubutawa, ko Allah zai sa wasu su shigo mu yi tare, don wallahi hannu ya mana kaɗan.

Abun da muke yi riƙo ne. Mu 'yan kaɗan ne a wani guruf na WhatsApp, ba ofis, ba rajista, ko suna ma ba mu da shi, akwai ɗalibai masu karatun likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), akwai matan aure irina, akwai wani dattijo mai shagon kayan masarufi da shi dama can maguna ba sa rabuwa da ƙofar shagonsa. In aka tsinci 'yan mage ko kwikwiyo ko wata dabba da mota ta buge sai a saka hoto, wanda ke da wuri ya ce a kawo, ya riƙe har su yi ƙwari, sannan a nemo musu gidan da za su zauna dindindin. A Ingila ƙungiyoyin kula da dabbobi irin su RSPCA da take nan tun 1824 da Cats Protection da aka kafa a 1927 suna da masu yi musu irin wannan riƙon a gida, ƙungiya ta biya abinci da magani, kai naka ɗaki da lokaci. Mu nan ba mai biya, aljihunka ne da na 'yan guruf, amma aikin dai shi ne.

Kuma abun da na lura yana hana mutane shi ne tunanin wai in ka ɗauka shikenan ta zama taka har mutuwa. Mace ta ga kwali a bakin bola, ta ji kukan, zuciyarta ta karye, amma sai ta tuna maigida ba ya son mage, ko gidan haya take, ko za ta yi tafiya da babbar sallah, sai ta kau da kai ta wuce tana istigfari. Toh ba haka bane 'yar uwa. Sati takwas ne, wani lokacin ma bai kai ba. Ɗakin da nake amfani da shi sito ne na bayan kicin, da buhun masara ake ajiyewa, ko taga mai kyau ba shi da ita sai da aka saka raga.

Kafin na shiga yadda ake rainon, dan Allah bari na yi magana da masu zubarwar, don na san wasunsu za su karanta, kuma na san ba duka ne mugaye ba. Mage ta haihu a silin ko bayan firiza, kuka ya dami mutane, sai a kira yaro a ba shi 'yan canji a ce ya kai su nesa. An raba su da uwa ido bai buɗe ba. Wannan ba saki bane, kisa ne, sai dai ba a gabanka za a mutu ba. Uwar kuma ta kwana biyu tana zagaye gida tana kira, nono ya cika ya yi tauri, wata har ya zame mata ciwo. In ba ka son su wallahi ba wanda ya isa ya maka dole, amma ka bari su yi wata biyu a wajen uwarsu, su fara ci da kansu, a lokacin nemo musu gida ba shi da wuya ko kaɗan. Ba madarar da za mu saya da ta kai nonon uwarsu.

Haka masu tsinta su ma, ba duk ɗan magen da ka gani shi kaɗai ne maraya ba. Uwar tana fita neman abinci, kuma in za ta sauya wuri ɗaya bayan ɗaya take kwashe su a baki, sai ka tarar da na ƙarshe yana jiran layi ka ɗauka yasasshe ne. In suna kwance a dunƙule, jikinsu tsaf, ciki a cike, ba sa kuka, toh akwai uwa, ka ja baya ka ba ta 'yan awanni. In kuwa a kwali suke ko leda, ko jikinsu ya yi sanyi, ko ƙuda ya fara bin su, wannan ba jira.

Abu na farko da hannu ke kaiwa shi ne madara, kuma shi ne abun da bai kamata a fara da shi ba. Ɗumi tukuna. Ɗan mage ba ya iya riƙe zafin jikinsa sai ya kai sati uku zuwa huɗu, in ya yi sanyi hanjinsa ba ya aiki, ka ɗura mishi madara ta zauna a ciki ta kashe shi. Ki taɓa tafin ƙafarsa da cikin bakinsa, in kin ji sanyi toh ki zuba ruwan ɗumi a gorar roba, ki naɗe da tsohon zani ko ki zura ta cikin safa, ki kwantar da shi a jiki, ko ki saka shi cikin rigarki kawai ya ji ɗumin jikinki, a hankali ake yi ba a kai shi bakin murhu ba. Sai ya fara motsi yana laluben nono sannan a yi maganar ci. Kuma a bar mishi gefe ɗaya na kwalin ba gora, in zafi ya mishi yawa ya ja jiki.

Madarar ma ba kowacce ba. Ta shanu da ta gwangwanin shayi zawo take sa su, zawo kuma a jikin abun da bai fi giram 100 ba kwana ɗaya ya isa. Akwai madarar gari da aka yi don 'yan mage, ana samu a shagunan maganin dabbobi a Kaduna da Kano da Abuja, nan ma wani lokacin a dace, tana da tsada gaskiya, shi ya sa muke saye mu raba a guruf. In dare ne ba yadda za a yi, nonon akuya da aka tafasa ya huce ya fi na shanu, amma na kwana ɗaya biyu ne kafin a samo ta gaskiyar. Da sirinji ake ba su, a cire allurar, ɗigo-ɗigo a gefen baki, kuma a kife yake sha, cikinsa a ƙasa kansa a ɗan ɗage kamar yadda zai kwanta a jikin uwarsa. Kar a rungume shi a rigingine irin na jariri, madarar huhu take tafiya, in kika ga tana fitowa ta hanci ki tsaya.

Satin farko da na biyu duk awa biyu zuwa uku ne, har cikin dare, nan ne wahalar take ba zan ɓoye muku ba. Waya na bugawa ƙarfe biyu, ga nepa ba wuta, ki kunna tocila ki riƙe a baki, ki ɗumama ruwa a filas, ki gwada a bayan hannu. Wanda ke hannuna yanzu, wani ja mai farin ƙirji da aka tsinto bayan wani masallaci a Samaru, in ya kama bakin sirinjin kunnuwansa ne ke rawa, ƙananan nan da ba su gama miƙewa ba, suna kaɗawa daidai da haɗiyarsa, hannayensa kuma suna taka yatsana yana murzawa wai nono yake tatsa. Duk baccin da ke idona in na ga kunnuwan nan na rawa sai na ji ya tafi, don alama ce yana sha da kansa ba ɗura nake ba.

Sai abun da yawancin mutane ba su sani ba, ba sa iya fitsari da kashi da kansu sai wajen sati uku. Uwa ce ke lashe musu. Toh ke ce uwar yanzu, auduga ko tsumma mai laushi a jiƙa da ruwan ɗumi, a shafa ƙasan wutsiya a hankali bayan kowane ci har ya yi. Mutum zai yi ta ba su madara yana mamakin ciki ya kumbura suna kuka, ashe wannan ne.

Ana cewa ido ba mudu ba ya san kima, amma a nan kam ido yana yaudara, sikeli ake so, irin ƙaramin nan na masu yin kek. Kullum da safe a auna a rubuta a takarda, lafiyayye yana ƙara giram 10 zuwa 15 a rana. Ranar da ya tsaya, ko ya ragu, ranar za a kira likita, ba gobe ba, don su ba sa nuna ciwo sai ya ci ƙarfinsu. Shekarunsu kuma ba wuyar ganewa: in cibiya na nan bai wuce 'yan kwanaki ba, ido na buɗewa tsakanin kwana 7 zuwa 14, ƙananan haƙora wajen sati uku, a sati huɗu zuwa biyar sai a fara gwada musu abinci mai laushi a faranti, dafaffen kifi da aka cire ƙaya ko naman kaza ba gishiri ba magi ba albasa. A lokacin ne kuma za a ajiye tsohuwar roba a zuba yashi, sau ɗaya biyu kika ɗora shi a kai ya gane, wannan Allah ne ya halicce su da shi.

Yanzu abubuwan da ke kashe su a hannun masu son su, waɗannan su suka fi min ciwo. Farasitamol guba ne ga mage, ƙwaya ɗaya ta isa, hantarta ba ta iya sarrafa shi, dan girman Allah kar a ga tana zazzaɓi a ɓalla mata Panadol. Ƙuma na shanye jinin ɗan mage har dasashinsa ya yi fari fat, amma maganinta ba fiya-fiya bane ba Sniper bane ba kananzir bane, ruwan ɗumi ne da sabulu mara ƙarfi da mataji mai ƙananan haƙora, a tsince su da hannu a busar da shi nan take. Maganin kaska na karnuka ma da yawa akwai sinadarin fametirin a ciki, shi ma yana kashe mage. Ragowar shinkafa da miya da muke zuba musu, albasa da tafarnuwar ciki suna lalata musu jini a hankali. Sannan shinkafar ɓera, a zuba don ɓera, ɓera ya ci, mage ta ci ɓeran.

Duk wanda ya shigo sabo ana ware shi sati biyu, ba ya haɗuwa da magen gida, kuma a wanke hannu, musamman saboda makero da ke kama yara. Maganin tsutsa da allurar rigakafi likita ne zai faɗi lokaci, galibi allurar farko wajen sati takwas zuwa tara. Akwai asibitin koyarwa na dabbobi a ABU Samaru, akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwa, mu daina tunanin na shanu da kaji ne kawai.

Ba duka ke rayuwa ba. Wani ka yi duk abun da ake yi, ya kwana yana sha, da safe ka ga ya yi laushi ya daina kama sirinji, kafin la'asar ya tafi. Ina kuka, ba na jin kunyar faɗa. Amma ya mutu a cikin ɗumi da cikinsa a cike, ba a cikin leda a kwata ba, kuma ni wannan ma wani abu ne.

Maganar mutanen gida kuma. Lokacin da na fara, surukata ta kira ni ɗakinta, ta ce, "Ke 'yar nan, kina da ƙananan yara kina tara mana maguna, ba ki san gashinsu na hana mace haihuwa ba?" Na durƙusa na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, na tambayi likita, ba gashin bane." Abun da ke akwai shi ne wata ƙwayar cuta, tokzofilasma, da ake samu a kashin mage, kuma ana samunta a naman da bai dahu ba da ƙasar lambu, tana da haɗari ga ɗan tayi in mace ta kamu tana da ciki. Shi ya sa mai ciki ba ita ke kwashe yashin ba, kuma kullum ake kwashewa don ƙwayar sai ta kwana a waje take zama mai kamawa. Mai asma ko wanda gashin ke sa wa atishawa shi kam gaskiya ne, ya nisanta. Hajiya ba ta ce komai ba ranar, amma ita ce daga baya ta tuna min hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta ɗaure, ba ta ba ta abinci ba ba ta sake ta ta nema ba, ta ce toh in ɗaurewa ta kai mutum wuta ai zubarwa ma sai a ji tsoro. Yanzu in na fita unguwa ita ke aiko jikarta ta ce a duba ko 'yan baƙin sun ci.

Abun da har yau ban iya shawo kansa ba shi ne baƙar mage. Ja da fari da mai zane kwana kaɗan an ɗauke, baƙa sai ta yi wata da watanni, wai mayya ce, wai aljanu ne. Dabba ce fa, kalar gashi ce kawai. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninmu, bai ware kala ba.

Karnuka ni ba na ajiye su a cikin gida, ƙanena ne ke riƙe su a gonarsa ta wajen Shika, ya kewaye wani gefe da waya ya yi rumfa. Na san abun da wasu za su ce. Addini ya yarda da kare don gadin dabbobi da gona da farauta, kuma a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai kare mai rai ba najasa bane, sannan kowa ya san hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare Allah ya gafarta masa. Ba cewa nake kowa ya kwana da kare a falo ba. Cewa nake rashin ajiye shi daban, barin yara su ɗaure kwikwiyo da igiya suna ja a titi suna jifa daban, kuma mu manya muna zaune a dakali muna kallo.

Amma kare ba a yi mishi garaje, saboda ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da shi duk shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kashi 99 cikin ɗari daga kare ne, kuma kusan kashi 40 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamu suka bayyana ba magani. Don haka babban kare da ba a san shi ba, yana dalalar da miyau ko yana tangaɗi ko yana cizon duk abun da ya gani, ba mai taɓawa, likitan dabbobi ake kira. In kare ko mage ya ciji mutum ko ya yaƙushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, sannan a tafi asibiti ranar a fara allura, ba a tsaya ɗaura gashin karen a ciwon ba. Kwikwiyo kuma da ya kai wata uku ake mishi allurar rigakafin ciwon, cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato ma tana haɗa ta, kuma duk 28 ga Satumba da ake ranar yaƙi da ciwon a duniya a kan samu wuraren da ake yi kyauta, a riƙa sa kunne. Ɗayan abun da ke kwashe kwikwiyoyi shi ne fabo, amai da zawon jini mai wari, ƙwayar tana daɗewa a ƙasa wata da watanni, shi ya sa ƙanena ba ya sauke sabon kwikwiyo inda wani ya taɓa yin ciwon. Mai ƙazuwa kuma a daina shafa mishi baƙin mai, akwai magani a wajen likita.

Ranar bayarwa ita ce ranar da yarana ba sa so. Ƙaramar sai ta ɓoye ɗan magen a bayan labule ta ce, "Umma wannan dai a bar mana shi." Ni ma a raina haka nake ji, sabo ake yi wa kuka. Amma in na riƙe wannan, sito ya cika, kwalin da za a tsinta jibi ba inda za shi, sai na zaunar da ita na faɗa mata haka, kuma tana ganewa, ita ke saka mishi tsumman da ya saba kwana a kai cikin kwandon.

Ba ma sayarwa, amma kuma ba kowa muke ba wa ba. Sai na tambaya maigida ya sani? Gidan haya ne, mai gidan ya yarda? Akwai shinkafar ɓera a gidan? Don ɓera kawai ake so, a rufe ta a sito ba abinci wai yunwa ce za ta sa ta kama? Wannan na ƙarshen ba na bayarwa. Kwikwiyo ma ƙanena sai ya je ya ga wurin da idonsa, don akwai masu karɓa su sayar wa dillalan da ke loda karnuka a mota. Kuma duk wanda ya karɓa muna ce mishi in ya gaji ya dawo mana da ita, ba faɗa ba gori, kar dai ya kai bola. Muna kuma roƙon a kai a yi musu aikin hana haihuwa, don mage tun tana wata huɗu za ta iya ɗaukar ciki, cikin kuma kwana 63 zuwa 65 ne, tana yaye ta sake ɗauka. Na san akwai masu ƙyamar abun ta fuskar addini, malamai sun yi magana a kai, akwai waɗanda suka halatta in don kauce wa cuta ne, kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi, amma ya faɗa mishi har da inda 'ya'yan ke ƙarewa.

In kin ji kina so ki gwada, ba sai kin fara da 'yan sirinji ba, waɗannan a bar wa wanda ya saba ko wanda ba ya fita aiki da sassafe. Ki fara da 'yan sati biyar ko shida masu ci da kansu, su wuri kawai suke so da wanda zai riƙa ɗaukarsu yana musu wasa don su saba da hannun mutum, wanda bai saba ba kafin sati bakwai da wuya ya yi zaman gida. Ko uwa da 'ya'yanta, wannan ma ya fi sauƙi, ita za ta yi komai ke dai ki ciyar da ita. Ɗalibai da ke zaune a waje, 'yan fansho, matan da yara suka tafi makarantar kwana, duk za ku iya. Wanda ba shi da wuri ya sayi gwangwanin madara ɗaya, ko mai a-daidaita-sahu ya taimaka da kai su asibiti. Wanda ba a Zariya yake ba ya nemi mutum biyu uku a garinsu da lambar likitan dabbobi guda, mu ma da haka muka fara. Ki tanadi kwali da tsofaffin zannuwa da yashi, ki yi magana da maigida tun yanzu, sikeli da sirinji in kina kusa zan ara miki.